Auna Tsadar Jinyar Shanyewar Ɓarin Jiki a Binciken Tattalin Arzikin Lafiya

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2009 wasu masana uku, Saka da McGuire da Wolfe, suka buga sakamakon bincikensu a kan abin da cutar shanyewar ɓarin jiki ke ci wa ƙasar Birtaniya a kowace shekara. Adadin da suka fitar shi ne fam biliyan 8.9. A shekarar 2020 kuma Anita Patel da abokan aikinta suka sake ɗaukar wannan tambaya, a kan ƙasa ɗaya da cuta ɗaya, har ma suka buga amsarsu a mujallar da ta buga ta farko, wato Age and Ageing. Su kuwa fam biliyan 26 suka samu. Mai karatu zai iya zaton ko dai cutar ce ta ninka sau uku a tsakanin, ko kuma wani ayari daga cikin biyun ya yi tuntuɓe a lissafi. Cutar ba ta ninka haka ba, kuma ba maganar kuskure ake yi ba. Abin da ya raba su shi ne abin da kowa ya ƙirga, da yadda ya yanka wa abin da ya ƙirga farashi.

Tsadar cuta ba kamar kuɗin buhun gero ba ce, da za a shiga kasuwa a taya a dawo da amsa guda. Adadi ne da mai bincike ke ginawa, kuma a kowane mataki na ginin akwai shawarar da dole ya yanke. Wannan babi zai bi waɗannan matakai, domin ɗalibi ya san irin tambayar da ta kamata ya yi duk lokacin da ya ci karo da irin wannan adadi a jarida ko a rediyo ko a rahoton wata hukuma.

2.0 Cutar da Ake Magana a Kanta

Hausawa na kiran wannan cuta shanyewar ɓarin jiki, wasu kuma su ce mutuwar ɓarin jiki. Sunayen biyu duk abin da ido ke gani suka siffanta: hannu da ƙafar gefe guda sun daina motsi, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi. Asalin ɓarnar kuwa a ƙwaƙwalwa take. Tana aukuwa ne idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai saboda gudan jini ya toshe jijiya, ko kuma saboda jijiyar ta fashe jini ya malala. Sashen da ya rasa jini yakan fara mutuwa cikin 'yan mintoci, sai aikin da yake gudanarwa ya samu naƙasu, ko magana ce ko tafiya ko haɗiya ko tunani.

Ƙididdigar cututtukan duniya ta shekarar 2019 ta nuna cewa mutum miliyan 12.2 ne suka kamu da cutar a wannan shekara, miliyan 6.55 suka rasu ta dalilinta, sa'annan akwai mutum miliyan 101 da ke raye bayan ta taɓa su. A Afirka ta Yamma, wani babban bincike da ake kira SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, ya gano a rahotonsa na 2018 cewa kashi 68 cikin ɗari na waɗanda aka duba toshewar jijiya ce ta same su, kashi 32 kuma fashewa ce, kuma hawan jini ne babban mafarin cutar.

Abin lura a cikin alƙaluman duniya shi ne tazarar da ke tsakanin miliyan 12.2 da miliyan 101. Ke nan duk sabon kamu guda, akwai kimanin mutum takwas da ke ɗauke da tabon cutar tun daga shekarun baya. Wannan shi ya sa auna tsadarta ke da wuya. Zazzaɓi yakan zo ya wuce cikin kwanaki, a rufe lissafinsa. Ita kuwa farkonta gaggawa ne, ƙarshenta dogon zama, wanda kan iya kai shekara goma ko ashirin, kuma mafi yawansa a gida ake yin sa, inda ba mai rubuta rasit.

3.0 Aljihun Wa Ake Dubawa?

Tambaya ta farko da mai bincike ke amsawa ita ce, asarar wa za a ƙirga? Amsar ita ake kira mahangar bincike. Idan mahangar asibiti aka ɗauka, lissafin bai wuce gado da magani da gwaje-gwaje da albashin ma'aikata ba, kuma yakan tsaya ranar da aka sallami maras lafiya. Idan ta gwamnati ce ko ta kamfanin inshora, sai a ƙara duk abin da suke biya bayan sallama. Idan ta iyali ce, abin da ya fita daga aljihun gida ake bi. Mafi faɗi ita ce mahangar al'umma, wadda ke haɗa duk dukiya da lokacin da cutar ta cinye, ko da wane ne ya ɗauki nauyin.

A ƙaddara wani asibiti ya rage kwanakin kwanciya daga goma sha huɗu zuwa bakwai. A littafin asibitin an yi tsimi. Amma fa maras lafiyar bai warke a rana ta bakwai ba, an dai mayar da shi gida ne, inda matarsa ko 'yarsa za ta gaji aikin da ma'aikaciyar jinya ke yi. Nauyin yana nan, kafaɗa ce ta sauya. Wannan ba ya nufin sallama da wuri aibi ce, domin bincike ya nuna tana da amfani idan akwai ayarin ma'aikata da ke bin maras lafiya har gida suna yi masa gashi da motsa jiki. Abin nufi shi ne, mahanga ƙuntatacciya takan nuna sauƙi a inda aka yi sauyin wuri kawai.

Bayan an tsayar da mahanga, sai a karkasa asarar. Tsarin da aka fi bi ya samo tushe ne daga aikin Dorothy Rice, wata masaniya Ba'amurkiya da ta shimfiɗa hanyar ƙididdigar tsadar cuta a 1966. Kashi na farko shi ne kuɗin kai-tsaye, wato abin da aka kashe domin neman lafiya. A nan ake sa kuɗin hoton ƙwaƙwalwa, wanda ba makawa sai an ɗauka, tunda shi ke bambanta toshewa da fashewa, kuma allurar da ke narkar da gudan jini tana iya halaka wanda jijiyarsa ta fashe. A nan ake sa kuɗin ita wannan allura, wadda galibi ake so a yi cikin awa huɗu da rabi da faruwar abin, da kuɗin aikin zaro gudan jini ta cikin jijiya, wanda gwaje-gwajen da aka buga a 2015 suka tabbatar da amfaninsa. Sai gashi da koyon magana, da magungunan hawan jini da za a sha har ƙarshen rai, da kuɗin mota zuwa asibiti, da keken guragu, da gyaran makewayi. Kashi na biyu shi ne asarar kaikaice, wato abin da maras lafiya zai samar da a ce yana aiki. Na uku kuwa shi ne abin da ba ya ƙirguwa, kamar raɗaɗi da baƙin ciki da halin da magidanci ke shiga idan ya wayi gari sai an kai shi bayan gida. Yawancin masu bincike ba sa yanka wa wannan kuɗi, sukan ambace shi su wuce.

4.0 Yadda Ake Ƙirgawa

Hanya biyu ake bi wajen tattara alƙaluma. Ta farko daga sama take gangarowa: a ɗauki jimillar abin da ƙasa ta kashe a asibitoci, a duba kaso nawa na kwanakin kwanciya masu wannan cuta suka ci, a yanko musu rabonsu. Tana da sauri da araha, sai dai ba ta iya faɗin bambancin da ke tsakanin wanda ya tashi da ƙafarsa da wanda ya kwanta ke nan. Ta biyu daga ƙasa take hawa: a bi marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, a rubuta kwana nawa kowa ya yi, hoto nawa aka ɗauka masa, sau nawa ya ga likita, a ninka kowane abu da farashinsa, sa'annan a faɗaɗa sakamakon zuwa ƙasa baki ɗaya. Wannan ta fi inganci, amma tana buƙatar rajista mai kyau. Masu binciken Birtaniya sun ci gajiyar rajistar da aka buɗe a kudancin Landan tun 1995, wadda ke bin duk wanda cutar ta kama a yankin shekara da shekaru.

Akwai wasu ramuka uku da mai ƙirga kan faɗa. Na ɗaya, kuɗin da aka caji maras lafiya daban, ainihin abin da aikin ya ci daban. Asibitin gwamnati kan caji ƙasa da abin da ya kashe saboda akwai tallafi, na kuɗi kuma kan ɗora riba. Na biyu, wanda wannan cuta ta kama sau da yawa dattijo ne mai hawan jini da ciwon sukari, wanda ko da ba ta same shi ba zai riƙa zuwa asibiti. In aka jibga mata duk kuɗin maganinsa an zalunce ta. Don haka ƙwararru kan kwatanta shi da tsaransa da ba su kamu ba, su ɗauki rarar da ke tsakani. Na uku ya shafi matsakaici. Kuɗin jinya ba ya rabuwa daidai: mutane kaɗan da suka jima a ɗakin kulawa ta musamman kan cinye kaso mai tsoka. Adadin da ke tsakiyar jeri ya fi nuna halin yawancin marasa lafiya, amma mai tsara kasafi matsakaicin jimilla yake buƙata, don shi ne in an ninka da yawan mutane zai ba da abin da za a biya.

Haka kuma dole a tsayar da tsawon lokaci. Wani binciken shekara guda yake ɗauka, ya ƙirga duk mai ɗauke da cutar a cikinta, sabon kamu da tsohon kamu. Irin wannan ne Luengo-Fernandez da abokan aikinsa suka yi wa ƙasashen Turai 32, inda suka samu yuro biliyan 60 a shekarar 2017. Wani kuma sababbin kamu na shekara ɗaya yake ɗauka, ya bi su a lissafi har ƙarshen rayuwarsu. Misalinsa shi ne aikin Taylor da abokansa na 1996, da ya ƙiyasta cewa duk Ba'amurken da cutar ta fara kamawa a 1990 za ta ci kimanin dala 103,576 a tsawon ransa, jimillarsu kuma dala biliyan 40.6. Na farko yana amfanar mai tsara kasafin baɗi. Na biyu shi ke nuna abin da za a tsira da shi idan aka hana mutum guda kamuwa, don haka shi ne makamin mai kiran a yi rigakafi. Kuskure ne babba a jera adadin wannan kusa da na wancan a ce ga ƙasar da ta fi kashe kuɗi.

Duk lissafin da ya ratsa shekaru sai an yi masa abin da za a iya kira rangwamen lokaci. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki; masana tattalin arziki ma a kan haka suke, cewa kuɗin yau ya fi na shekaru masu zuwa daraja ko da farashi bai tashi ba. A Birtaniya an saba rage kashi 3.5 cikin ɗari a kan kowace shekara. Bisa wannan ma'auni, fam 1,000 da za a kashe nan da shekara goma daidai yake da kimanin fam 709 na yau. Ga cutar da jinyarta ke jan shekaru, ɗan sauyi a wannan kaso yana iya motsa jimilla sosai.

5.0 Mai Jinya

Kalmar jinya a Hausa tana da fuska biyu. Wanda ke kwance ana cewa yana jinya, wanda ke zaune a gefensa yana ba shi ruwa shi ma ana cewa yana jinya. Harshen ya riga ya sheda cewa ciwo irin wannan mutum biyu yake kwantarwa. Ilimin tattalin arzikin lafiya ya jima kafin ya ba mutum na biyun cikakken matsayi a cikin lissafi, kuma har yanzu a kansa aka fi samun saɓani.

A koma ga adadi biyun da aka buɗe babin da su. A binciken 2009, kulawar da 'yan'uwa ke yi ba tare da an biya su ba ta ɗauki kashi 27 cikin ɗari na fam biliyan 8.9, wato kimanin biliyan 2.4. A binciken 2020 kuwa ta ɗauki kashi 61 cikin ɗari na fam biliyan 26, wato fiye da biliyan 15. Kuɗin asibiti da na hukumomin jin daɗin jama'a shi ma ya ƙaru, daga wajen biliyan 4.4 zuwa biliyan 8.6, abin da hauhawar farashi da ƙaruwar masu tsira da rai za su iya bayyana wani sashe nasa. Amma daga cikin tazarar fam biliyan 17 da ke tsakanin binciken biyu, kimanin biliyan 13 daga wannan gurbi guda suka fito. Ashe ke nan muhawarar ba a ɗakin tiyata take ba, a tsakar gida take.

Me ya sa wannan gurbi ke da santsi haka? Da farko, ƙirga awannin kansu aiki ne. Matar da ke dafa wa mijinta maras lafiya abinci, tukunyar da za ta ciyar da gidan duka ta ɗora. Awa nawa za a rubuta wa cutar? Ɗan da ke kwana a ɗakin mahaifinsa, yana barci amma kunnensa a buɗe ko zai ji motsi, aiki yake yi ko hutu? In aka ce awannin wanka da ciyarwa da juya maras lafiya kaɗai za a ƙirga, adadin zai yi ƙasa. In aka haɗa da zaman gadi, zai ninka. Ga kuma matsalar tuni: wanda aka tambaya abin da ya yi wata uku da suka wuce yakan ƙara ko ya rage, shi ya sa wasu masu bincike ke raba littafi a riƙa rubutawa kullum, ko da yake wanda jinya ta sha wa kai ba ya samun sukunin rubutu.

Bayan an samu awannin, sai batun farashinsu. Hanya ɗaya ita ce a tambayi abin da mai jinya ya bari domin ya zauna, a biya shi da wannan. In malamin makaranta ne, a ɗauki albashin malami. Aibin wannan hanya a fili yake: wanka ɗaya da lauya ya yi wa uwarsa zai fi wanda leburan gini ya yi wa tasa tsada, matar aure da ba ta da albashi kuwa sai a ga kamar lokacinta banza ne in ba a yi hattara ba. Hanya ta biyu ita ce a tambayi abin da za a biya wani da a ce haya aka ɗauko ya yi aikin. Wannan ta daidaita kowa, sai dai ta ɗauka cewa aikin ɗan'uwa da na ɗan haya abu ɗaya ne, alhali ƙwararre ya fi sauri, ɗan'uwa kuma yakan yi abin da ba mai yin sa don kuɗi. Binciken Turai da aka ambata ya ƙiyasta awa biliyan 1.3 na irin wannan kulawa a 2017, ya yi musu kuɗi yuro biliyan 16.

Ba hanyar da ta kuɓuta daga suka a cikin biyun. Duk da haka, mafi munin zaɓi shi ne a bar gurbin fayau, domin yin haka daidai yake da rubuta sifili, kuma kowa ya san ba sifili ba ne. Da yake mafi yawan masu jinya mata ne, binciken da ya tsallake su ya share aikin mata daga littafin ƙasa, ya kuma sa duk wani shiri da zai sauƙaƙa musu ya zama kamar ɓarnar kuɗi.

6.0 Aikin da Aka Rasa

Asarar kaikaice ita ma mazhaba biyu gare ta. Tsohuwar ita ce ta jarin ɗan'adam, wadda ke cewa in cuta ta tsayar da mutum yana ɗan shekara 45, al'umma ta yi asarar duk abin da zai samu har ranar ritayarsa. A 1995 Koopmanschap da abokan aikinsa a ƙasar Holan suka kawo wata, suka ce a inda ake da marasa aiki, gurbin ba ya daɗewa a buɗe. Bayan 'yan watanni an ɗauki wani, don haka asarar ta tsaya ga watannin neman madadi da horar da shi. Mutum ɗaya, cuta ɗaya, amma hanya ta farko na iya ba da albashin shekara ashirin, ta biyu ta ba da na wata uku ko huɗu. A lissafin Amurka na 1996, wanda ya bi mutane har ƙarshen rayuwa, asarar kaikaice ta kai kashi 58 cikin ɗari. A na Birtaniya na 2020 ba ta wuce kashi 6 ba. Wasu kuma sukan cusa kuɗin tallafin da gwamnati ke ba naƙasassu a cikin wannan gurbi, wasu su ƙi, bisa hujjar cewa kuɗi ne da ya tashi daga wannan aljihu ya koma wancan, ba dukiya ce da ta ƙone ba.

Shekarun waɗanda cutar ke kamawa na da tasiri a nan. A Birtaniya yawancinsu sun haura saba'in, sun riga sun ajiye aiki. A binciken SIREN kuwa matsakaicin shekarunsu 59 ne, kuma kusan ɗaya cikin huɗu bai kai hamsin ba, wato yana tsakiyar ciyar da iyali.

7.0 Tsada da Amfani

Sanin tsadar cuta kaɗai ba ya gaya wa hukuma abin da za ta yi. Hasali ma yana iya ɓatar da ita, domin a littafin asibiti wanda ya rasu a rana ta biyu ya fi wanda aka ceto araha. Don haka sai an auna kuɗin da abin da ya saya. Likitoci na auna halin wanda ya tsira da ma'aunin Rankin, wanda wani likita a Gilasgo ya fara tsarawa a 1957 aka kuma gyara shi daga baya. Yana tashi daga sifili, wato ba wata alama, zuwa biyar, wato kwance sai an yi wa mutum komai. Shida kuma rasuwa ce. Tsadar jinya na hawa ne tare da hawan wannan lamba, shi ya sa magani mai tsada da zai sauko da mutum daga huɗu zuwa biyu kan iya mayar da kuɗinsa a cikin shekarun da za su biyo baya.

Masana tattalin arziki kuwa suna da nasu mudun, wanda ake taƙaitawa da QALY, ma'anarsa shekarar rayuwa da aka auna da ingancinta. Shekara guda cikin ƙoshin lafiya ɗaya ce cif, rasuwa sifili ce, shekarar da aka yi cikin naƙasa kuma tana tsakani. A ƙaddara sabon magani ya fi tsohon tsada da fam 10,000, amma ya ƙara wa maras lafiya rabin irin wannan shekara. Ke nan kowace shekara guda ta tashi a kan fam 20,000. Hukumar NICE ta Ingila, wadda aka kafa a 1999, ta shafe shekaru tana ɗaukar fam 20,000 zuwa 30,000 a matsayin iyakar abin da ya cancanci a biya.

Birnin Landan ya ba da misali mai kyau. Kafin 2010 kusan asibitoci talatin ne ke karɓar wanda cutar ta kama. A wannan shekara aka tattara aikin gaggawa a cibiyoyi takwas masu ƙwararru dare da rana, ko da motar asibiti za ta wuce wanda ya fi kusa. Kowane kwana a irin wannan cibiya ya fi tsada. Amma binciken Hunter da abokan aikinta na 2013 ya nuna cewa bayan kwana 90 mace-mace sun ragu, kuɗin kowane maras lafiya kuma ya sauka da kimanin fam 800, musamman saboda raguwar kwanakin kwanciya. Da a kwana ukun farko aka rufe lissafin, da an ce sabon tsarin almubazzaranci ne.

8.0 Inda Rajista Ta Yi Ƙaranci

Duk waɗannan hanyoyi a ƙasashen da gwamnati ko inshora ke biyan kuɗin magani aka ƙera su. A Nijeriya kuwa alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun 2015 zuwa 2021 sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun jama'a yake fita kai-tsaye. Dokar 2022 da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta wajabta inshora ne da nufin rage wannan nauyi. A irin wannan yanayi mahangar iyali ce ta fi faɗin gaskiya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani binciken gwaji da Birabi da wasu masu bincike suka buga a 2012 ya ƙiyasta cewa jinyar mako 36 na farko na cin kimanin naira 95,100 a asibitin gwamnati, da naira 767,900 a asibitin kuɗi. A lokacin dala ɗaya na kusan naira 158, a 2024 kuwa ta haura naira 1,500, ga shi kuma na'urorin hoto da magunguna da yawa daga waje ake shigo da su. Saboda haka duk wanda zai ambaci irin wannan adadi wajibi ne ya haɗa shi da shekararsa. In kuma za a kwatanta shi da na wata ƙasa, canjin kasuwa bai isa ba, sai an duba abin da kuɗin ke iya saye a kowace ƙasa.

Wata matsalar ta fi wannan zurfi. Binciken da ya dogara da fayil ɗin asibiti waɗanda suka iso asibiti kaɗai yake gani. Bai ga wanda ya rasu a hanya ba, bai ga wanda aka ɗauka shafar iska ce aka kai shi wurin mai maganin gargajiya aka kashe abin da aka kashe a can ba, bai kuma ga wanda aka rubuta wa hoton ƙwaƙwalwa ya koma gida don ba shi da kuɗinsa ba. Ƙaramin adadi a nan ba alamar araha ba ce, sau da yawa alamar maganin da ba a samu ba ce. Shi ya sa masu bincike ke ƙarawa da wani ma'auni, wato ko kuɗin jinya ya kai matsayin durƙusar da gida. Wasu na sa iyakar a kashi 10 cikin ɗari na duk abin da gidan ke kashewa, wasu kuma a kashi 40 na abin da ya rage bayan an cire abinci.

Samun wannan bayani sai an shiga gida-gida, kuma tambayoyin sukan wuce rasit. Manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu ba su da takardar albashi, don haka akan tambayi abin da gidan ke ci a mako maimakon abin da yake samu. Akan tambayi inda kuɗin jinyar ya fito: ajiya ce, ko gudummawar dangi, ko rance, ko an sayar da akuya, ko sa na huɗa, ko hatsin da aka ajiye don damina, ko an jinginar da gona. Kowace amsa da nata nauyin, domin wanda ya sayar da san huɗa ya biya kuɗin asibitin bana da amfanin gonar baɗi. Akan kuma tambayi ko an cire wani yaro daga makaranta, ko don kuɗin makarantar ya tafi ga magani, ko don a samu mai zama da maras lafiya. Yarinyar da aka cire daga aji biyu na sakandare domin ta yi jinyar kakarta, takardar tambaya za ta iya rubuta awannin da take yi a rana, a kuma yi musu kuɗi da ɗaya daga cikin hanyoyi biyun da aka bayyana a baya. Karatun da ta bari kuwa asararsa sai bayan shekara goma ko fiye za ta bayyana, lokacin da an daɗe da rufe binciken.